Shin ana gindaya wa mai alheri sharaɗi?

Akwai wata tambaya da kan taso a duk inda mutane suka haɗu domin aikin da babu albashi a cikinsa. Mutum ya zo da ƙafarsa, ba wanda ya aika masa, ba wanda zai biya shi, ya ce yana son ya taimaka. To wane ne ke da hurumin ce masa sai ya cika sharaɗi kaza da kaza, in kuwa ya kasa ya koma gida? A tarbiyyarmu ba a raina kyauta, ba a kuma yi wa mai ita tambayar ƙure. Amma akwai ayyukan da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a damƙa su ga mutum. Domin mu auna wannan al'amari da kyau, za mu ɗauki misali daga ƙasa mai nisa, wato Ostareliya, inda aka yi sama da shekara 100 ana fama da tambayar a bakin teku, wurin da ƙaramin kuskure ke cin rai cikin ƴan mintoci.

Asalin ƙungiyoyin ceto

Ostareliya ƙasa ce da teku ya kewaye ta ko'ina, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta suna zaune ne a tazarar da ba ta wuce kilomita 50 daga gaɓa ba. A ƙarni na 19 doka ta hana wanka a teku da rana a yankin birnin Sidni, da sunan kare kunya. Da aka sassauta dokar a farkon ƙarni na 20, jama'a suka yi tururuwa zuwa rairayin gaɓa, alhali da yawansu ba su iya iyo ba, sai nutsewa ta yawaita. Ganin haka, samarin da suka saba da ruwan suka soma haɗa kai. A watan Fabrairu na 1907 aka kafa ƙungiyar ceto ta gaɓar Bondai, a watan Oktoba na wannan shekara kuma ƙungiyoyin yankin suka shiga ƙarƙashin inuwa ɗaya. Wannan inuwa ce ta girma ta zama Surf Life Saving Australia, wadda ta tara ƙungiyoyi fiye da 300, taken ta kuwa shi ne sa ido da hidima.

Babban abokin gabar waɗannan mutane wani irin ruwa ne mai ja, kuma ya kamata mai karatu ya fahimci yadda yake, domin a kansa aka gina dukkan sharuɗɗan da za mu ambata. Igiyoyin teku suna turo ruwa bisa tuddan rairayi da ke ɓoye kusa da gaɓa. Ruwan da ya taru dole ya koma inda ya fito, sai ya haƙa wa kansa ƙorama tsakanin tuddan, ya kwarara cikin teku da gudun da wani lokaci kan fi ƙarfin gwanin iyo. Yaudarar ita ce wannan ƙorama ta fi ko'ina lafawa a ido: babu kumfa, ruwan ya fi duhu, kamar nan ne wurin aminci. Baƙo yakan zaɓe ta da kansa. In ta ɗauke shi sai ya firgita, ya yi ta kokawar komawa gaɓa ta hanyar da ruwan ke fitowa, har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya sani kuwa yakan kwanta bisa ruwan ya ɗaga hannu ɗaya neman agaji, ko ya yi iyo a kaikaice har ya fita daga ƙoramar.

A yankin Sidni ƴan sa-kai suna sintiri daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Afrilu, wato lokacin zafinsu, kowace Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Da safe shugaban sintiri yakan karanta ruwan, ya gano inda ƙoramun suke a ranar, domin suna sauya wuri, sa'annan a kafa tutoci biyu masu launin ja da rawaya. Tsakanin tutocin nan ake kiran jama'a su yi wanka, a nan kuma ake zuba ido. Masu sintirin malaman makaranta ne, da ɗalibai, da makanikai, da ma'aikatan asibiti. A manyan gaɓoɓi akwai ma'aikatan ceto da hukumar gari ke biya, amma waɗannan masu hular ja da rawaya ba su karɓar ko sisi. Su ne ma ke biyan kuɗin shekara ga ƙungiyarsu.

Abin da ake nema ga mai son shiga

Wanda ke son ya zama cikakken mai sintiri sai ya sami shaidar da suke kira Bronze Medallion, wato lambar tagulla. Sai ya kai shekara 15. Kafin a soma koya masa komi sai ya yi iyon mita 400 a tafkin iyo na gini cikin minti 9 ko ƙasa da haka. Daga nan a yi makonni ana horar da shi: karanta ruwa, ɗauko mutum da allon ceto, farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, taimakon gaggawa, alamun hannu da magana ta rediyon sadarwa. A ranar jarrabawa zai yi gudun mita 200 bisa rairayi, ya yi iyon mita 200 cikin igiyoyi, ya sake gudun mita 200, duka cikin minti 8. Yara masu shekara 13 suna da tasu ƙaramar shaida mai sauƙin ma'auni, suna kuma aiki ƙarƙashin manya.

Samun lambar bai rufe zancen ba. Kowace shekara ana sake gwada kowa, tsoho da sabo. Ana sa mamba cikin rukunin sintiri mai jadawali, in kuma wani uzuri ya hana shi zuwa ranar da ta faɗo kansa, shi ne zai nemo wanda zai tsaya a madadinsa. Babban da zai riƙa hulɗa da yara sai hukuma ta binciki tarihinsa.

Ƙorafin da ke da nauyi

Mai adalci ba zai yi watsi da abin da ake iya faɗa game da wannan tsari ba. Na farko, ana iya cewa aikin sa-kai ƴancin zuciya ne, ranar da aka sa masa jadawali da jarrabawa ya zama aikin gwamnati marar albashi, daɗinsa kuma ya tafi. Na biyu, kowane sharaɗi ƙofa ce da ake rufewa, kuma gaɓar Ostareliya ta fi ƙarfin masu tsaron ta nesa ba kusa ba. Ashe rabin gwani a bakin ruwa bai fi babu kowa ba? Na uku, kuma shi ya fi ciwo, ƙin karɓar alherin mutum wulaƙanci ne. Wanda ya zo da zuciya ɗaya aka ce masa ya makara da daƙiƙa 20 a iyo, yakan tafi da rauni a ransa wanda zai iya hana shi sake miƙa hannu a wani wuri.

Bambancin mai wucewa da mai tuta

Amsar tana farawa ne daga rarrabe mutum biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai mai wucewa da ya ga wani yana nutsewa, akwai kuma wanda ya kafa tuta ya ce wa jama'a su shiga, yana kallo.

A 1972 masanin falsafa Peter Singer, wanda shi ma ɗan Ostareliya ne, ya buga misali da yaron da ya faɗa tafki marar zurfi, inda mai wucewa ba zai yi hasarar komi ba sai ɓata tufafinsa. Kowa ya yarda wajibi ne ya shiga ya ɗauko shi, kuma babu mai hankalin da zai tambaye shi takardar shaida. Dokar Faransa, wadda dokokin ƙasashenmu da dama suka samo tushe daga gare ta, tana hukunta wanda ya ƙi agaza wa mutumin da ke cikin haɗari da ɗaurin da ka iya kai shekara 5, amma ta sa iyaka: sai in zai iya yin haka ba tare da jefa kansa ko wani cikin haɗari ba. A jahar da Sidni take, wadda ta gaji tsarin shari'ar Ingila, doka ba ta ma tilasta wa mai wucewa ya ceci wanda bai sani ba. Ke nan mai wucewa yana bayar da abin da yake da shi ne a wannan sa'a, ko jefa igiya, ko kiran agaji, kuma ba a bin sa bashin ƙwarewa.

Mai tuta kuwa ya yi magana, ko da bai buɗe baki ba. Uwar da ta bar ɗanta ya shiga ruwa tsakanin tutoci biyu ta yi haka ne domin ta ga mutum da hular ja da rawaya. Ba ta san sunansa ba, ba ta da hanyar gwada shi, hular ce shaidarta. Ta sassauta nata sa idon saboda ta dogara da nasa. In wannan mutum bai iya ba, zuwansa ya fi rashin zuwansa muni, domin da babu tuta da ta riƙe hannun ɗanta. A nan ne amsar ƙorafi na biyu take: rabin gwani da ba ya sanye da hula yana da amfani, rabin gwani mai hula kuwa ƙarya ce da aka yi wa jama'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙari ga haka, kusan kowace shekara a gaɓar Ostareliya ana rasa mutanen da suka shiga ceton wani, sau da yawa iyaye masu bin ƴaƴansu, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya iso gare shi. Jarrabawar da ta mayar da mutum gida tana iya zama ita ta bar shi da ransa.

Game da ƴanci kuma, gaskiya ne babu wanda ya tilasta wa mai sa-kai ya shiga, kuma yana iya fita in ya sanar cikin lokaci. Amma tsakanin shiga da fita ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Rashin albashi yana ƙara wa aikin daraja, ba ya rage masa nauyi ko kaɗan, domin wanda ke cikin ruwa bai san wane ne ake biya ba, wane ne ba a biya.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun ba mu ma'aunin da ya dace da wannan. Ceton rai yana cikin farillan da suke kira kifaya: nauyi ne a kan al'umma baki ɗaya, in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura. Sai dai ba ya faɗuwa sai in waɗanda suka tsaya sun isar. Sun kuma koyar da cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. In haka ne, koyon iyo da maimaita horo suna cikin jikin alherin kansa.

Tarihin Bondai ya gwada wannan a ranar Lahadi 6 ga Fabrairu 1938. Wasu manyan igiyoyi suka zo a jere, komawar su ta kwashe ɗaruruwan mutane daga tudun rairayin da suke tsaye ta yi cikin teku da su. An yi dace akwai mambobi da yawa a wurin, ana shirin wata gasar iyo ta ƙungiya. Kayan aikinsu a lokacin doguwar igiya ce a naɗe jikin katako, mutum ɗaya ya ɗaura ɗamara ya shiga, sauran su riƙa saki da ja. An fito da mutum fiye da 200, da dama a sume, mutum 5 suka rasu. Zukata masu kyau sun cika gaɓar a wannan rana, dubbai ne ma. Amma waɗanda suka san abin yi su ne waɗanda suka daɗe suna maimaita shi a ranakun da babu abin da ya faru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗin da teku ya sa da wanda mutane suka sa

Kada mai karatu ya ɗauka duk wani sharaɗi da ƙungiya ta rubuta ya zama gaskiya. Tarihin waɗannan ƙungiyoyi shi kansa ya nuna akasin haka. Fiye da shekara 70 ba a yarda mace ta zama cikakkiyar mai sintiri ba, bisa hujjar cewa ba ta da ƙarfin aikin, ko da yake a lokacin yaƙin duniya na biyu mata sun tsare wasu gaɓoɓi sa'ad da maza suka tafi fagen daga. Sai a 1980 aka buɗe musu ƙofa, suka yi jarrabawar da maza ke yi, suka ci. Tun da akwai agogo da zai auna ƙarfin kowa, hana mace zuwa gaban agogon bai kare ran kowa ba, ya dai rage yawan masu ceto.

Akwai kuma shingen da ba a rubuta ba. A watan Disamba na 2005, bayan wani faɗa da aka doki wasu ƴan sa-kai a gaɓar Kuronala da ke kudancin Sidni, mutum kimanin 5,000 suka taru ranar 11 ga wata, taron ya rikiɗe ya zama farautar duk wanda ya yi kama da Balarabe. An ɗauki hular ceto, wadda aka yi domin kowa, aka mai da ita tutar ƙabilanci. Bayan tarzomar aka tsara wani shiri na horar da matasa daga unguwannin baƙi, musamman Musulmi, kuma a 2007 rukunin farko ya sami shaidarsa. Wata mai tsara tufafi ƴar asalin Lebanon, Aheda Zanetti, ta ɗinka rigar iyo mai rufe jiki da kai cikin launin ja da rawaya, domin mace Musulma ta yi sintiri ba tare da ta bar suturarta ba. Abin lura shi ne abin da aka sauya da abin da aka bari. An sauya tufafi, an tafi an nemo mutanen an koya musu, amma aikin ceton da ake nema daga gare su yana nan yadda yake ga kowa.

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da ma'auni ɗaya da za a ɗora kowane sharaɗi a kai: in aka cire shi, wane ne zai cutu? In amsar ita ce wanda ke cikin ruwa, sharaɗin halal ne, kuma sassauta shi saboda kunya ko zumunta cin amana ne. In kuwa babu mai cutuwa sai girman kan tsofaffin mambobi da son su zauna da irin su, to wannan shinge ne da aka yi wa fentin ƙa'ida.

Ma'aunin yana da ragowa. Sharaɗi yana iya zama daidai amma hanyar kaiwa gare shi ta zama a karkace. Iyon mita 400 cikin minti 9 bai san launin kowa ba, sai dai yaron da ya girma a bakin gaɓa da wanda iyayensa suka zo daga ƙasar da babu teku ba su taso daga wuri ɗaya ba. Saboda haka wanda ya sa ma'auni ya ɗauki nauyin gina matakalar hawa zuwa gare shi. Ƙungiyoyin suna da sashen yara da ke karɓa tun daga shekara 5, inda ake saba musu da ruwa a hankali kowace safiyar Lahadi.

Mutuncin wanda bai ci ba

Saura ƙorafi na uku, na zuciyar da aka mayar. Maganinsa shi ne a rarrabe tsakanin ƙin mutum da ƙin ba shi wani aiki na musamman. A cikin waɗannan ƙungiyoyi wanda ba zai iya shiga igiya ba yana iya riƙe rediyo, ko yin taimakon gaggawa a kan rairayi, ko kula da yara, ko neman kuɗin kayan aiki. Wanda ya yi shekaru yana sintiri har ƙarfi ya ragu ana sauƙaƙa masa jadawali, ana kuma riƙe shi da girmansa. Wannan ita ce jarrabawar da ke kan shugabanni: su iya gaya wa dattijon da ya ceci mutane da yawa cewa bana agogo bai ba shi ba, su faɗa masa cikin ladabi, su kuma nuna masa kujerar da ke jiran sa. Godiya hakkinsa ce, amma ba a biyan ta da ran ɗan wani.

Wani zai ce ai da yawa suna shiga ne domin wasanni da gasa da suna. Haka ne, shi ya sa ƙa'ida ta ce mai son shiga gasa sai ya cika awoyinsa na sintiri. Niyya tana tsakanin bawa da Ubangijinsa, ƙungiya ba ta da ma'aunin ta. Abin da take iya aunawa shi ne zuwa kan lokaci da iya aiki, kuma su ne mai nutsewa ke bukata.

Ƙasarmu ba ta da teku, amma ƙungiyoyinmu sun san wannan tambaya. A gayya duk mai fartanya maraba da shi, domin kunyar da ba ta miƙe ba ana gyara ta gobe. In kuwa mutum ya faɗa rijiya, ba kowane mai tausayi ake ɗaura wa igiya a zura shi ba, ana neman wanda ya saba da shiga, sauran su riƙe igiyar, kuma babu wanda ke jin an raina shi. Ya kamata kowace ƙungiya ta zauna ta tantance ayyukanta, ta san wanne ne na gayya, wanne ne na rijiya. Koyar da manya karatu, da kula da yaran mutane, da riƙon kuɗin ƙungiya, da taimakon gaggawa ranar biki, duk akwai wanda ya dogara da mai yin su ba tare da ya iya gwada shi ba. A irin waɗannan a rubuta sharaɗin a fili, a ɗora shi kan kowa har da shugaba, a buɗe hanyar koyo ga wanda bai kai ba tukuna, a kuma tanadi wurin zama mai mutunci ga wanda ba zai kai ba. Allah ya sa mu zama masu riƙon amanar da muka ɗauka da kanmu.